Taƙaitawar Shawarwari kan Zaɓen Sabuwar Wayar Android

Na bi wata muhawara da aka tafka kan wayar da ta fi dacewa a saya tsakanin Tecno, Infinix da Samsung, ga abin da na tsinta a ciki:

1. Kusan kowa ya yarda cewa batir ne abin fara dubawa saboda ƙarancin wutar lantarki, kuma kada a sayi wadda batirinta bai kai 5000mAh ba.

2. An ja kunne kan adadin RAM (ma'adanar wucin gadi da waya ke gudanar da manhajoji da ita) da ake rubutawa a kwali, domin sau da yawa ana haɗa na ainihi da wanda aka aro daga ma'adanar wayar, sai mai 4GB ta fito tamkar mai 8GB.

3. An rabu kan batun gyara da ƙarko. Magoya bayan Tecno da Infinix sun ce kayan gyaransu sun fi araha da sauƙin samu, masu son Samsung kuwa sun kafa hujja da alkawarin sabunta manhaja na shekara 6 a Galaxy A16, wadda ni ma ta fi kwanta mini a rai.

4. Kafin a biya kuɗi, a danna *#06# a gaban mai shago, a tabbatar lambar IMEI (lambar shaidar wayar) da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali.