Wa ya taɓa kai ɗalibai kallon rantsar da shugaban ƙasa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. Yaran ƙungiyar tarihi ta makarantarmu sun sa ni gaba, wai in Allah ya kai mu rantsuwa mai zuwa sai na kai su Abuja sun gani da idonsu. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba mu labari, da daɗin da wuyar.

Anti daga Zariya:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni na kai 'yan mata 32 ranar Juma'a 29 ga Mayu 2015, da aka rantsar da Buhari. Ana tsakiyar wahalar mai lokacin, direbanmu ya kwana biyu a layi, ƙarshe dai a hannun 'yan bumburutu muka cika tanki. A Suleja muka kwana, muka yi sammako, amma duk hanyoyin da ke shiga Eagle Square an datse su. Muka ajiye bas can nesa muka taka. Sai da muka isa shinge muka gane cewa ba mai katin gayyata, ba shiga.

A gindin wata bishiya muka tsaya, muna jin Alƙalin Alƙalai Mahmud Mohammed yana ba da rantsuwa ta rediyon wani dattijo. Ana sa tafi mutane suka yunƙuro. Da ƙura ta lafa na ƙirga, 31. Na sake ƙirgawa da yatsa, kai-kai, 31. Waya ba sabis. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, ba abin da nake gani sai fuskar uwar yarinyar lokacin da ta damƙa min ita a bakin get. Ashe fitsari ya matse ta, kunya ta hana ta faɗa, ta zagaya bayan motoci. Da ta dawo na rasa duka zan yi ko kuka.

Ustaz na Nima:
Mu a Ankara, babban birnin Ghana, abin da ɗan sauƙi, don Black Star Square fili ne babba a bakin teku. Ranar 7 ga Janairu 2025 na kai yaran makarantarmu rantsuwar Shugaba John Mahama, tun asuba muka kama wuri. Na saya musu hula ruwan lemo, da gangan, don kada a ce kalar wata jam'iyya ce. Kowa da lambar wayata a rubuce a hannunsa. Rana ce ta gasa mu, ruwa ya ƙare kafin azahar. Da muka koma na tambaye su me suka gani, duk sai labarin ihun murnar da aka yi wa Ibrahim Traoré na Burkina Faso.

Baba Firinsifal:
Ɗana, 'ya'yan mutane amana ne. Ka kai su zauren Majalisar Tarayya ranar da ake zama, su ga muhawara suna zaune. Rantsuwa kuwa talabijin ta fi nuna ta.

Malamin Tarihi:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Anti, ku nawa ne malamai a tafiyar?

Anti daga Zariya:
Mu biyu kacal, sai direba. Yau ko malamai takwas aka haɗa ni da su sai na yi shawara.