Zan shigo Kano haɗa lefe, ina ake samun sabbin kaya masu kyau yanzu?

Maman Hanif, Gombe:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen mutanen Kano da masu yawan zuwa sari. Ƙanina ne zai yi aure bayan ƙaramar sallah in sha Allahu, kuma ni aka ɗora wa haɗa lefe tunda ni ce babba mace a ɗakinmu, kuɗin ma suna hannuna yanzu haka, wallahi ko barcin kirki ba na yi don yaron nan guminsa ne ya daɗe yana tarawa, ba na so a buɗe akwati a gaban dangin amarya a ga abin da za a riƙa kallon juna. Rabona da shiga kasuwar Kano tun kafin kaya su yi wannan tashin. Kullum ina ganin lesuka da atamfofi a Instagram da WhatsApp masu kyau kamar ka sace, amma ban san ko haka suke a ido ba. To in sayi na masu sayarwa ta waya a aiko min, ko in daure in zo da ƙafata? In zuwa ne ta ina zan fara, Kwari ko Sabon Gari? Sannan me ake yayi yanzu, don ni ma ina so in samu abaya da ɗan abin da zan fita biki da shi. Na gode, Allah ya bar zumunci.

'Yar Gwammaja:

Wa'alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya sa alheri ya kai mu lokacin. Ni dai in shawarata za ki bi ki zo da ƙafarki, kayan lefe ba abin da ake saye a hoto ba ne, zani sai hannu ya taɓa shi. Duk abin da ya shafi atamfa, leshi, shadda, matiriyal da mayafai Kantin Kwari za ki nufa kai tsaye, takalma da jakunkuna da kayan shafa da akwatunan kansu kuma Sabon Gari, ba su da nisa da juna ɗan adaidaita zai kai ki. Kar ki ce za ki haɗa su rana ɗaya, ƙafa za ta gaji ido ya gaji ki fara ɗaukar abin da ba ki so don kawai ki tafi gida.

Ki shiga Kwari da hantsi lokacin an bubbuɗe shaguna mutane ba su cika ba, don daga azahar ta ɓangaren titin IBB ko Unity Road ko wajen sa ƙafa da ƙyar, ga 'yan dako da masu kura suna ta a ba su hanya, kuma in azumi ya raba tsakiya abin sai wanda ya gani, mutanen Nijar da Cadi da Kamaru duk suna ciki suna sari. In da hali ki zo kafin azumi. Ranar Juma'a kuma rabin wuni ne kusan, ki kauce mata. Tun daga bakin titi samari za su tare ki Hajiya me ake nema, Hajiya zo ki ga sabon kaya, 'yan kayi-na-yi ne, ba shago gare su ba za su kai ki shagon wani su ɗora nasu a kai. Ba na zaginsu neman halak suke, wasu ma sun fi masu shagon sanin inda kaya yake, amma in kina da wanda ya san kasuwa ba ki buƙatarsu. Ranar farko ki zaga kawai ki tambayi kuɗi a shago uku huɗu kar ki ciro ko sisi, za ki sha mamakin yadda turmi iri ɗaya kuɗinsa yake bambanta daga layi zuwa layi.

Yayi kuwa, bubu ce har yanzu take tashe, mai faɗi ɗin nan da ake yi wa aikin duwatsu a wuya da hannu, ana yin ta da shadda ana yi da kamfala mai santsi. Mata sun koma wa shadda sosai. Abaya kuma mai buɗaɗɗen gaba da 'yar ciki da mayafinta, ki leƙa kasuwar Hajj Camp wajen filin jirgi, can ne matattarar kayan Saudiyya da Dubai har jallabiyar maza da turaruka. Butik ɗin Zoo Road da na cikin Ado Bayero Mall ki shiga ki ba idonki abinci ki ga ɗinkunan da aka rataye, akwai sanyin esi ba mai ture ki, amma kuɗin hayar shagon yana cikin kuɗin rigar.

Ɗan Kwari:

Hajiya barka, Allah ya sanya albarka. Ni a kasuwar nake tun ina yaron shago, bari in faɗa miki abin da zai amfane ki tsakani da Allah. Mafi yawan atamfar da za ki gani jibge yanzu daga Chana take zuwa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, masaƙunmu na Sharaɗa da Challawa da Bompai galibi sun daɗe da tsayawa, UNTL ta Kaduna ma da take mana atamfa ta rufe a 2007. Kuma kayan Chana ba duka ne banza ba kamar yadda mutane suke ɗauka, hawa-hawa ne, akwai mai auduga mai kyau da za a shekara ana wankewa, akwai kuma mai roba da zane ɗaya sak da na mai tsadar. Inda matsala take shi ne a sayar miki ƙaramar a kuɗin babbar.

To ga yadda za ki gane. Ki sa a warware miki turmin kar ki tsaya a ledar da takardar da aka manna, takarda kowa yana iya bugawa. Ki juya bayan zanin, atamfa ta gaske ciki da waje kusan ɗaya suke a kala, in kin ga bayan ya yi fari-fari to a sama kawai aka buga. Ki duba bakin zanin inda ake rubuta suna da lambar zane, holan ta asali kamfanin Vlisco ne yake yin ta a garin Helmond can ƙasar Holan, kamfanin tun 1846 yake, sunansa yana jikin bakin. Kodebuwa kuma ta Uniwax ce a Abijan. Sannan ki murza gefen a hannu, mai gam da yawa za ki ji tana ƙara tana tauri, wanki ɗaya za ta saki ta zama sharara. In kina shakkar auduga ce ko roba ki zari zare ɗaya a baki a kyasta masa ashana a waje, auduga toka take zama mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ki ba.

Shadda ma haka, gezna ta asali daga Ostiriya take, kamfanin Getzner, kuma ita ce aka fi kwaikwaya don sunanta ya yi nisa. Manyan lesuka su ma Ostiriya da Suwizalan ne asalinsu. In wani ya ce miki ga gezna a kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba kar ki tsaya dogon ciniki. Maganar tsada kuwa Hajiya ba mu ba ne, da dala muke sarowa, kafin tsakiyar 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460 ne, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga kuɗin kwastan ga na mota daga Legas, mu kanmu jarin da yake cika shago da yanzu rabi yake kawowa. Shawarata ki sa manya guda biyu ko uku na gaske waɗanda za su ɗaga akwatin, sauran ki cike da matsakaita masu kyau, ya fi ki cika akwati da jabun holan, don matan da za su karɓi lefen nan akwai waɗanda da ido kawai suke ganewa.

Ummu Sultana:

Ni fa ban yarda a yi wa masu sayarwa ta waya kuɗin goro ba gaskiya. Ni ma ina yi, daga ɗakina, kuma da shi nake rufa wa kaina asiri da yarana. Mu ne muke shiga rana mu zaga layi-layi mu tsinto zanen da ya fito sabo kafin ya cika gari, wadda take Gombe ko Yola ko Damagaram ta samu ba ta biya kuɗin mota da masauki ba, ɗan abin da muka ɗora ai ladan wahalarmu ne. Eh akwai marasa tsoron Allah da suke ɗaukar hoton wani su turo wani abin daban, ni kaina wata ta taɓa turo min leshi da na saya wa ƙanwata, a hoto ruwan zuma da ya iso kuwa wani ruwan ƙasa ne mai duhu kuma ta daina ɗaga waya, abin ya ci min rai sosai. Amma wannan halin mutum ne ba na sana'ar ba. In za ki saya ta waya ki ce a yi miki bidiyo a hasken rana a waje ba cikin fitilar shago ba, a juya bayan, a nuna miki baki, kuma ki yi da wadda wani naki ya taɓa saye a wajenta. Amma dai lefe guda, ga kuɗin amana, nan kam ina bayan 'Yar Gwammaja ki zo ki gani, daga baya ƙananan abubuwa kya riƙa aike.

Maman Hanif, Gombe:

Kai amma na ji daɗi wallahi, Allah ya saka muku da alheri, Malam Ɗan Kwari wannan bayani ko kuɗi na biya sai haka. Na yanke zan zo kafin azumi, akwai 'yar ƙanwar babanmu a Hotoro zan sauka wajenta ta raka ni. Saura tambaya ɗaya, shi angon ma ya ce in haɗo masa nasa na ɗaurin aure, yadi nawa zan yanka masa, kuma in bayar da ɗinkin a Kano ko in taho da shi gida?

Usaini Tela, Fagge:

Hajiya in babbar riga ce da 'yar ciki da wando yadi goma ake yanka na shadda, kaftani da wando kuma yadi biyar ya isa, in siriri ne ba dogo ba huɗu ma yana yi amma gara ya yi saura da ya gaza, don in kika dawo neman ƙari da wuya ki samu kalar ta zo ɗaya ko da sunan ɗaya ne. Atamfa turmi yadi shida ne kin sani, leshi kuma yawanci biyar yake zuwa, ki sa a auna a gabanki.

Maganar ɗinki gaskiya zan faɗa miki ko da a kaina ne, kar ki kawo wa telan Kano ɗinkin ango a cikin azumi, ɗinkin sallah ya riga ya danne mu, ga rashin wuta, wani sa'in kwana muke a shago da janareta. In kin zo da wuri kamar yadda kika ce to ki bayar nan take da rigarsa guda da take masa daidai a matsayin awo, babbar rigar a kai ta aiki. Aikin kwamfuta yana fita da sauri kuma yana da tsafta, aikin hannu kuwa irin na Zariya da cikin birni ba a yi masa gaggawa, yana iya cin makonni, amma in aka gama aka kai wa 'yan bugu suka buge ta da taɓarya ta ɗauki ƙyalli, ko daga nesa ka san ango ne. Hula ki bari sai an zaɓi zaren aikin tukuna sannan a nemo wadda ta shiga da shi, zanna ko damanga, kuma ki tambaye shi lambar kansa tun yanzu kar ki yi kintace. Kayan amarya kuma kar ki ɗinka ko ɗaya, a kai mata a turminsu ita ta san telanta.

Hajiya Iyami:

'Yata Allah ya yi albarka, kin kyauta da kika tsaya wa ɗan uwanki. Duk sun faɗi gaskiya, ni abu biyu zan ƙara da ba wanda ya ambata. In kin samu sarari ki je Ƙofar Mata wajen marina, tun 1498 ake rini a wurin nan kuma har gobe da baba da toka suke yi a cikin rijiyoyin, ki sayi zani ɗaya mai shuɗin nan ki sa a akwati ko ki ɗinka wa kanki bubu. Jikokina da suke jami'a yanzu su suke nemansa da kansu, da kuwa cewa suke na tsofaffi ne. Wankin farko dai a yi masa shi kaɗai da ruwan sanyi don yana ɗan zuba. Kurmi ma tana nan kusa cikin gari in kina son takalmin fata da jaka aikin hannu da saƙi.

Na biyu, tunda kina da yara kar ki koma ba ki leƙa Ƙofar Wambai ba. Mutane suna jin kunyar cewa gwanjo suke saye amma ranar da aka fasa sabuwar dila za ki ga manyan mata da motocinsu suna tsince, rigunan sanyi da wandunan yara masu ƙwari da ba za ki samu irinsu a sabo ba sai da kuɗi mai yawa, ki tambayi masu shagon ranar da suke fasawa ki je da sassafe, ki ɗaga kowace riga a rana ki duba hammata da wuya da zif.

Kuɗi kuma kar ki riƙe su a jaka cikin cunkoson nan, kusan kowane shago yana karɓar taransifa ko akwai mai POS a kusa, ki dai tsaya sai ya ga shigarsu ki karɓi rasit mai sunan shago da lambar waya, ki kuma yi magana da shi tun kafin ki biya cewa in an samu tabo ko yagewa a cikin turmi za ki dawo da shi a canza. In kaya sun taru ki bar su a shago ɗaya da kika yarda da shi, su ɗaure miki a buhu a rubuta sunanki, ɗan dako ya kai miki bakin titi, ki riƙa tafiya a bayansa kar ki shiga gabansa.