Neman kalma: gilaida da simileta, kafin shirin gobe

Mai Shiri: Salamu alaikum. Gobe da tara za mu naɗi shiri kan yadda ɗaliban tuƙin gilaida a Turai ke yin atisaye a gida da manhaja irin Condor. Na rubuta "jirgi mara inji" don gilaida da "na'urar kwaikwayo" don simileta, amma ban gamsu ba. A taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. "Mara inji" a rediyo kunne zai kai shi ga "mara matuƙi". Jirgin shawagi ya fi. Igiya ce ke tada shi, ko ƙaramin jirgi ya ja shi, ko inji daga ƙasa ya naɗe waya ya cilla shi sama. Daga nan sai iska. ASK 21 na Jamus, mai kujera biyu da ake koyarwa da shi, in ya sauko mita 1 yana cin wajen mita 33 gaba.

Tsohon Edita: Injiniya, shawagi ai na jiragen yaƙi ne a labarai. Jirgin shirwa! Ku dubi shirwa da tsakar rana: ba ta kaɗa fiffike, tana kewaya cikin iskar zafi mai tashi tana hawa. Aikin matuƙin ke nan, ya karkata da digiri 30 zuwa 45 ya zauna cikin hucin.

Malama: Baba, hucin ƙasa ya yi daidai ga wannan iskar, a ɗauka. Ni "kwaikwayo" ce matsalata, za a zaci wasa ne. Kayan ba na wasa ba ne: sandar tuƙi, matakan ƙafa biyu na juya wutsiya, hannun birkin iska a hagu, da abin bin motsin kai. Wanda ya yi tsumulmular matakan ƙafa yana murɗa sanda a madadinsu, ya koya wa kansa kuskure. Fiffiken dogo ne, da ka karkata hagu hanci zai fara fizga dama, sai ƙafa ta gyara. Zaren da ke manne a gilashin gaba shi ke tona asirin mai raggon ƙafa.

Tsohon Edita: To shirwa da me take gyarawa? Da wutsiya. Sunan ya riga ya yi bayanin kansa.

Ɗan Damagaram: Mu nan da ma "filanar", sunan jirgin da Faransanci, muke ji. Amma kullum Kano ke yanka kalma mu haɗiye.

Tsohon Edita: Ɗana, Faransa ma aron ce. Ina laifin tsuntsun da ke kan kwatar garinku?

Injiniya: Ranka ya daɗe, ungulu ta fi shirwa iya wannan hawan. Mu ce jirgin ungulu?

Malama: Ku dawo, mutum na da shiri gobe. Ga simileta ina ba da shawarar magwajin tuƙi. Gwaji ne aikinsa: tsinkewar waya lokacin tashi, inda dole a dunƙufar da hanci nan take a nemo gudu kafin a yi tunanin juyawa, ana iya maimaita shi sau ashirin a zama ɗaya. Abin da ba ya bayarwa shi ne jin jiki. A sama kujera ce ke fara gaya maka ka shiga huci kafin allurar hawa ta motsa. Kuma allo na saba wa ɗalibi da kallon gaba kawai, alhali waige shi ne tsaron rai inda jirage ke kewaya huci ɗaya. A faɗa a shirin cewa da malami ake amfani da shi.

Mai Shiri: Na gode. Na ɗauki magwajin tuƙi da hucin ƙasa. Jirgin kuwa zan ce gilaida sau ɗaya, sannan jirgin shawagi mara inji.

Tsohon Edita: Kalma huɗu inda biyu suka isa. Ku yi, amma a nawa rubutun shirwa ce.