Kitsch: kallon kitse ake wa rogo ko kuwa raini ne kawai?

Ɗan Fagge: Jama'a abokina da ke karatu a Jamus ya zo gidanmu ya ga hoton falonmu, irin mai ruwa yana gangarowa daga dutse ga fararen agwagi ga firam mai ruwan gwal, sai ya kwashe da dariya wai wannan kitsch ne. Ni wallahi kitse na ji ya ce, nan take na tuna kallon kitse ake wa rogo. Shi ne ma'anar?

Bazazzagi: Kalmar Jamusanci ce malam, kic ake furta ta. A kasuwar zane-zane ta Munich ta fito wajen 1860 zuwa 1870, haka dillalai ke kiran hotunan araha da ake zanawa a gurguje don neman na cefane. Asalinta har yau ana gardama, wasu sun ce daga kitschen ne wato kwashe taɓon titi, wasu sun ce verkitschen, karyar da kaya a sayar da araha. Turanci da Faransanci duk aronta suka yi. Su Jamusawa misalinsu ƴan gumakan nan masu jar hula da gemu da suke jerawa a lambu.

Ɗan Fagge: To ai maganata ta fito kenan, rogo ne ya yi shigar kitse.

Maman Ilham: A'a ƙanena, bai zauna ba. Mai yi wa rogo kallon kitse ruɗuwa ya yi, ranar da ya gatsa zai gane. Wanda ya sayo fulawar roba a Kantin Kwari ko ina ne ya san sarai roba ce, ba turare ba ban ruwa, a haka yake son abarsa yana goge mata ƙura duk Juma'a, to wa aka yaudara?

Bazazzagi: Hajiya kin kama wani abu. Shi ya sa kalmar ke da ƙanshin raini, mai faɗinta kullum yana ganin idonsa ya fi naka wayewa. Ba'amurke mai sharhin zane-zane Clement Greenberg a 1939 da ita ya soki zanen da ake yi don gama-garin mutane.

Maman Ilham: Ato. Da ya ga jeren kwanukan ɗakin kakata har rufi ban san me zai ce ba, kuma dukiyarta ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai Ɗan Fagge kada ka kuskura ka sauke hoton nan, na Umma ne ko naka?

Ɗan Fagge: Nata ne, tsarabar Jidda ce ma.