Na canja tayarod, mota ta koma ja dama

Mai Carina, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Carina E ƙirar 1996, da ita nake zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura kusan kullum. Sati biyu da suka wuce gaba ya fara ƙwanƙwasa, bakanike ya canja min tayarod biyu (ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba) da bol-jon na dama (mahaɗin da taya ke juyawa a kansa). Ƙarar ta ɗauke, amma yanzu sitiyari a karkace yake ko a miƙaƙƙen titi, in na sassauta hannu kuma sai ta riƙa zamewa dama. Jiya na tsaya a Mashi na shafa tayar gaba, bakinta na ciki har ya fara cinyewa, yana kartar hannu kamar zarto. Tayoyin nan ko wata biyu ba su yi ba, abin ya dame ni. Bakaniken ya ce in kawo ya cire sitiyari ya mayar a miƙe. In yarda?

Tsohon direba, Daura: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka yarda. Sitiyari zai miƙe a ido, taya kuma ta ci gaba da cinyewa. Sannan za ka ga kwanar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan zurfi, don rak ɗin, wato sandar da sitiyari ke turawa hagu da dama, ba a tsakiya yake ba.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura: Alhaji ya faɗi gaskiya. Mu kan ƙirga zagaye in za mu kwance tsohon tayarod, mu ɗaura sabon a kan adadin, amma wannan don mota ta iya kai kanta wurin alaimen (saitin tayoyi) ne kawai. Sabon kaya ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da tsohon ba, milimita biyu ko uku sun isa su cinye taya. Cin ciki da kartar nan da ka ji, alama ce bakin tayoyin ya buɗe waje. Yadda ake yi: a tsayar da sitiyari a tsakiya, a riƙe shi, sannan a daidaita tayarod na hagu da na dama kowanne da kansa. In ka ga mutum ya murɗa gefe ɗaya ya ce shi ke nan, ce masa da sauran aiki.

Amma kafin ka biya kuɗin alaimen, a ɗaga motar a jak a girgiza taya. In bushin (robar ƙafar mota) ya mutu ko rak-en (ƙarfen da ke haɗa rak da tayarod) yana wasa, saitin ba zai kai ka Daura ba, ramin farko zai warware shi. Tsofaffin motocinmu nan aka fi samun su.

Mai faci, hanyar Jibiya: Jan dama kuwa sau da yawa ba tayarod ba ne. A fara gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi. In daidai take, a musanya tayoyin gaba. Ta koma ja hagu, laifin taya ne. Bayan tafiya kuma ka kai hannu kusa da rim na dama, in ya fi na hagu zafi, birki ne ke riƙewa.

Mai Carina: Allah ya saka da alheri. Yanzu na gwada, ta dama 24 ce, ta hagu 32. Na cike ta, jan ya ragu sosai, saura karkacewar.

Bakanike: To madalla. Gobe ka je alaimen kafin ka hau hanya, kuma ka tsaya a kai har ka ga an ɗaure notin tayarod duka biyun. Tayoyin da suka fara cin nan a mayar da su baya.