"Jiki magayi": tsufa ake nufi ko sakayya?

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Gwaggona marubuciya ce, ta haura shekara 60, kuma ana shirin sake buga wani littafinta. Mai ɗab'i ya gyara hotonta na bangon baya, ya share tamojin goshinta, ya ƙara mata hasken fata, ya cire tabarau. Da ta gani ta ce a mayar da shi yadda yake, domin jiki magayi: idon da ya dushe wajen karatu da fitilar ƙwai, da yatsan da biro ya yi wa kanta, su ne shaidarta a gaban masu karatu. 'Yarta ta ce Mama ta sa karin maganar inda ba muhallinsa ba, har suka yi sa-in-sa. Wa ke da gaskiya?

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan 'yar. Gargaɗi ne ga wanda ya ƙi jin magana, ɗan'uwan "jiki ya fi kunne ji". Littafin da John Tafida da Rupert East suka rubuta da wannan suna, wanda aka fitar a nan Zariya a shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne daga farko har ƙarshe, babu ruwansa da furfura.

Bazazzagi: Malam, littafin ne ya ari karin maganar, ba shi ya haife ta ba. Limaminmu ya kawo ta a wa'azi tare da ayar Suratu Yasin da ke cewa hannaye za su yi magana, ƙafafu su ba da shaida.

Uwar Biyu: Ku bari in ba ku labarin kakata a Kwarbai. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma idan ta fara tatsuniya bayan isha'i, yaran maƙwabta ma sai an zo da bulala kafin su tafi. Da haƙoranta suka zube, kawuna ya dage sai an sa mata na roba. Ta sa su kwana kaɗan, ta cire ta jefa cikin kwalla, ta ce muryar Gizo ta ƙi fita, tunda tsamin bakinsa da giɓinta ya fi daɗi. Kullum da asuba takan dafa gwiwa ta ce, "Jiki magayi, yau za a yi ruwa." Mu kuwa sai mu kwashe shanya.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya jiƙan Iya. Mai ɗab'in nan ya ɓata basirarsa a kan littafi, ya jira lokacin zaɓe. Akwai ɗan takarar da a fastarsa da ke unguwar PZ kamar ɗan bautar ƙasa yake, alhali da sanda yake hawa mota.

Bazazzagi: Ai nasu jikin ma yana faɗa. Shekara guda a kan kujera, tumbi ya riga mai shi shiga masallaci.

Malamin Samaru: Mun bar batun. Hajiya Uwar Biyu, abin da kakarki ta yi hasashen ruwa ne, ba amsar tambayar ba.

Uwar Biyu: Malam, kai ma da tabarau kake karanta wannan.

'Yar Tudun Wada: Na karanta wa Gwaggo duka. Ta yarda a cire tabarau saboda walƙiyar gilashi, tamoji kuwa ta ce ko layi ɗaya kada a taɓa. Tana kuma tambaya ko kwallar Iya tana nan.