Musayar waƙa: fim ɗin tsoro da ya ƙi nuna dodo

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum, ga batu na kawo,
Fim ɗin tsoro da ya ƙi nuna dodo.
Blair Witch na 1999, matasa uku na ɗaukar kansu a daji,
Kwana takwas aka ɗauka, mayyar ba gani sai ji.
Tsibin duwatsu a ƙofar tanti da safe,
Da 'yan sanduna ɗaure suna lilo a reshe.
Abin da ido bai gani ba zuciya ke sassaƙawa,
Ya fi dodon roba da jan fenti razanarwa.

'Yar Tudun Wada

Yaya, gaskiyarka, amma da sauran magana,
Kyamarar hannu rawa take yi dare da rana.
Ido ya ce gudu ake, cikin kunne ya ce zaune kake,
Daga nan jiri ke tasowa, wani har amai a take.
Kuma wanda aka biyo, yana gudu yana kiran Allah,
Me zai sa ya riƙe kyamara yana saita fitila?
In marubuci bai ba da dalili tun farko ba,
Mai kallo zai farga, tsoron kuma ba zai dawo ba.

Na Ƙofar Doka

Ƙanwata, an yi wa rawar magani a 2007,
Paranormal Activity, kwanan ɗaukarsa ma bakwai.
Dala 15,000, gidan daraktan, ɗakin kwana,
Kyamara an kafa ta kan ƙafa uku har fitowar rana.
Agogo a ƙasan hoto, lambobinsa na ta gudu,
Da ya lafa, kowa ya san wani abu zai faru.
Ƙofa ta gusa kaɗan, ba iska, ba mutum,
Sai ka ga masu kallo kowa ya yi gum.
Rauninsa, dabara guda ce ake ta maimaitawa,
Da an gano lagonta sai hamma ta fara zuwa.

Mai Sauti na Kongo

Malam, a yi mini afuwa, sauti ne uban tafiya,
Fim ɗin da ya ɓoye dodo da kunne yake rayuwa.
Akwai gurnani ƙasa-ƙasa da a ƙirji ake jin shi,
Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da shi.
A Quiet Place na 2018, yashi suka zuba a hanya,
Gudun ƙara, ba takalmi, da hannu ake zance, uwa da uba da 'ya'ya.
Kai shi gidan kallo, janareta na ruri a baya,
Shirun da aka sha wuya aka gina ya tafi gaba ɗaya.
Mai ɗauka, ka naɗi shirun ɗaki na minti guda,
Ka shimfiɗa shi ƙarƙashin magana duk inda ka datsa.
In ka ƙi, kunne zai ji mahaɗar, ya tona asirin aikin,
Ko da ido bai ga komai ba a cikin ɗakin.

Ɗan Sabon Gari

Na ƙara da duhu, don nan ake yawan tafka kuskure,
Kar ka ɗauka ba haske wai don ka nuna dare.
Hoton zai cika da yashi-yashi, fuska ta ɓace,
Kunna fitila ɗaya ta gefe, ka rage hasken wajen tace.
In an matse fim don turawa a waya, baƙi kan dagule,
Ya fashe gida-gida, inuwar da ka ɓoye ta cakule.
Midsommar na 2019 da rana tsaka ya tsorata mutane,
Mu da ke da kango da duwatsun Kufena, hanyarmu ke nan, ku gane.

'Yar Tudun Wada

Yaya Ɗan Samaru, na dawo gare ka kan yadda aka rufe,
Tun farkon Blair Witch aka shuka abin da aka girba a ƙarshe.
Mutanen gari sun ce makashin yara kan sa ɗaya ya fuskanci bango,
Sai ga saurayi tsaye haka nan, a ɗakin ƙasa na kango.
Wanda bai ji zancen farko ba, mutum kawai zai gani a tsaye,
Wanda ya ji kuwa, ya san mai kyamarar ba za ta fito a raye.